BABI NA UKU: ƘUNGIYAR RAINA KAMA DA ZAMAN UNGUWA A BIRNIN KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bibiyi tarihin ƙagaggun labarai na Hausa tun daga gasar da Rupert East ya shirya a shekarar 1933, wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, har zuwa gasar Kamfanin NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, da ta Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya a 1982. Abin lura a duk wannan tarihi shi ne hukuma ko kamfani ne ke kiran marubuci, a karɓi aikinsa, a tace, a buga, a rarraba. A wannan babi kuwa za a tsaya ne a kan lokacin da marubuta suka daina jiran kira, suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya a cikin unguwannin birnin Kano, musamman ƙungiyar Raina Kama.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne wannan ƙungiya ba kwaikwayon kamfanin ɗab'i ta yi ba. Tsarin taimakon juna na zaman unguwa ta ɗauko ta ɗora a kan sana'ar littafi. Daga nan ƙarfinta ya fito, daga nan kuma rauninta ya fito. Za a kuma duba littattafai biyu na shugabanninta, wato In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, domin a ga yadda kowannensu ya kalli wannan al'umma da ta raine shi.

3.1 Taimakon Juna a Zaman Unguwa

Bahaushe bai jira zuwan Turawa ba kafin ya san haɗa hannu. A karkara akwai aikin gayya, inda mai gona ko mai gini zai gayyato samari su yi masa aikin yini ɗaya, shi kuma ya tanadi fura da tuwo da goro, wani lokaci har da makaɗa. Ba a biyan lada, amma kowa ya san ranar da tasa ta taso shi ma za a zo masa. A cikin gidaje akwai adashi, wanda uwar adashi ke tara zubi tana miƙa kwasa ga mutum ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma biki a ma'anarsa ta tsakanin mata, wato gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar aure ko suna, wadda ake sa ran a mayar mata da abin da ya fi ta idan nata sha'anin ya zo. Maza kuwa suna da majalisa a ƙofar gida ko gindin bishiya, inda ake jin labarin gari, a sasanta rigima, a haɗa kuɗin jinya ko na likkafani.

Da birni ya bunƙasa sai waɗannan al'adu suka sa rigar zamani. Aka sami ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu yashe kwatoci kafin damina da gyaran maƙabarta, da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, da na sintiri, da na wasan kwaikwayo. Aka ƙaro shugaba da sakatare da ma'aji da littafin rajista, amma ginshiƙin bai sauya ba: ka yi mini, in yi maka.

Akwai wani sharaɗi da ba a rubuta shi a littafin rajistar kowace ƙungiya, alhali kowa yana aiki da shi, wato kara. Wanda ya zo maka gayya ba ka tsaya a kansa kana cewa kunyarsa ta karkace. Wadda ta kawo miki biki ba kya buɗe ƙullin a gabanta ki ce ya yi kaɗan. Wannan ɗabi'a ita ke riƙe da zumunci, kuma tana da kyau a muhallinta. Za a dawo kanta a gaba, domin a ra'ayin mai wannan bincike ita ce mabuɗin fahimtar abin da ya sami rubutun ƙungiyoyin marubuta.

3.2 Halin da Ya Haifi Ƙungiyoyin Marubuta

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, waɗanda zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun zama samari da 'yanmata masu iya karanta Hausar boko ko da Turancinsu bai nuna ba. Na biyu, Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, ta buɗe wa manya azuzuwan yamma, ciki har da matan aure. Su kansu Ado Ahmad da Balaraba Ramat ta hanyar karatun manya suka ci gaba da ilimin boko. Ita Balaraba an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da kimanin shekara 13. Na uku, tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada suka yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka fi mayar da hankali ga littattafan makaranta waɗanda cinikinsu yake da tabbas. Wato ke nan masu karatu sun yawaita a daidai lokacin da masu bugawa suka rufe ƙofa.

Haɗuwar masu adabi a ƙungiya ba sabon abu ba ne a Kano. A farkon shekarun 1970 akwai ƙungiyar mawaƙa ta Hikima ƙarƙashin Mudi Sipikin, da Hausa Fasaha ƙarƙashin Aƙilu Aliyu. Furniss ya yi nazarin Hikima a kundinsa na digiri na uku (1977). Sai dai mawaƙi yana da sauƙi ɗaya da marubucin zube ba shi da shi: yana iya rera waƙarsa a taro ko a gidan rediyo ta isa ga jama'a ba tare da an buga ko shafi ɗaya ba. Mai labari kuwa dole sai ya sami takarda da injin bugawa da mai sayarwa. Saboda haka buƙatar da ta haɗa marubutan zube ta fi ta mawaƙa nauyi, domin ta haɗa da kuɗi.

3.3 Raina Kama: Suna da Aiki

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 ƙungiyoyin marubuta da dama suka bayyana a Kano, kamar Raina Kama da Kukan Kurciya da Ruwan Dare da Jigon Hausa. Raina Kama ce ta fi fice, kuma cikin jagororinta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa da Balaraba Ramat Yakubu.

Sunayen kansu abin nazari ne, domin uku daga ciki rabin karin magana ne, an bar wa mai ji ya ƙarasa. Raina kama ka ga gayya. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ruwan dare gama duniya. (Gayyar da ke cikin karin maganar farko ba ita ce ta aikin gona da aka ambata a baya ba, duk da cewa haɗuwar kalmomin ta yi wa wannan nazari daɗi.) Sunan Raina Kama amsa ce ga wata magana tun kafin a faɗe ta. Masu shi sun san ba su da digiri, sun san littattafansu ƙanana ne masu siririyar takarda, sun kuma san akwai waɗanda za su dube su sheƙeƙe. Ƙungiyar da ta zaɓi irin wannan suna ta riga ta ɗaura ɗamarar kare kanta, kuma wannan ma yana da tasiri a kan yadda ta riƙa karɓar suka daga baya.

Idan aka ɗauki littafin wani ɗan ƙungiyar na wancan lokaci aka buɗe shafukan farko da na ƙarshe, za a ga aikin ƙungiyar a fili. Akan jera sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya, waɗanda suka fito da waɗanda ke tafe. Akan sa hoton 'yan ƙungiya. Akan ambaci wuraren da ake samun littafin. Akan yi doguwar godiya da sadaukarwa, a ambaci iyaye da malamai da abokai da maƙwabta. Wasu ma suna ɗauke da samfurin wasu sababbin haruffa da aka ƙirƙira domin rubuta Hausa, waɗanda ba boko ba ne ba kuma ajami ba. Haruffan ba su karɓu ba, amma suna nuna irin girman burin da ke zuciyar waɗannan matasa.

Wannan jerin sunaye shi ne gayyar. Marubucin da littafinsa ya karɓu yana ɗauke da tallar sabon shiga a bayansa ba tare da an biya shi ba, shi kuma sabon shiga yana mayar da biki a nasa littafin. Kowane littafi ya zama allon talla na sauran. Hoton kuwa yana gaya wa mai karatu cewa marubucin nan ba baƙo ba ne daga Zariya ko Ikko, ɗan unguwa ne irinsa, ana iya samunsa a yi masa magana. Har sunayen marubutan suna ɗauke da unguwa: Gidan Dabino, Ceɗiyar 'Yangurasa, Yakasai. Lardi ko gari ake gani a sunayen marubutan da, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bello Kagara. Yanzu kuwa abin ya matso har ƙofar gida.

Haka nan raba labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, wanda masu suka da yawa suka ɗauka kwaɗayin kuɗi ne kawai, yana da wata fuskar. Marubucin da ba shi da jarin buga shafi 300 a lokaci ɗaya yakan buga kashi na farko, ya kai wa masu sayarwa a bakin kasuwar Sabon Gari wajen Bata ko a Jakara, ya jira kuɗi su dawo, sa'an nan ya buga na biyu. Mai saye ma ya fi iya fitar da kuɗi kaɗan-kaɗan. Zubi da kwasa ke nan irin na adashi, sai dai a nan tsakanin marubuci da mai sayarwa da mai karatu ake yi. Littafi ɗaya kuma yakan zaga gidaje da yawa ta hanyar aro da haya, wata ta karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, gidajen rediyo su ma su karanta. A nan dole a yaba wa ƙungiyar. Abin da hukumar NORLA ta yi ta fama a kansa a shekarun 1950 da kuɗin gwamnati da motocin talla, wato shigar da littafin Hausa cikin ɗakunan talakawa, waɗannan matasa sun yi shi da aljihunsu.

3.4 Inda Kara ta Yi Ɓarna

Kamfanin ɗab'i ba bugawa da sayarwa kaɗai yake yi ba. Yana da wani ma'aikaci wanda aikinsa shi ne ya ɓata wa marubuci rai: ya ce wannan babi ba shi da amfani a cire shi, wannan tauraro ya mutu a shafi na 40 ga shi ya dawo a shafi na 70 ba bayani, wannan jimla ba Hausa ba ce. Edita ke nan. Raina Kama ta maye gurbin kamfani a wajen talla da rarrabawa da ƙarfafa gwiwa, amma ko wane irin duba 'yan ƙungiya suka riƙa yi wa rubutun junansu, abin da ya fito a kan takarda ya nuna bai kai matsayin aikin edita ba.

Shaidar tana nan a shafukan littattafan. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a rubuta "yace" maimakon "ya ce", ko "yayi" a inda ake nufin "ya yi", alhali "yayi" kalma ce daban mai nufin abin da ake ya da shi a wani zamani. Ana zubar da ƙugiya, "ƙasa" ta koma "kasa", "baƙi" ya koma "baki", "ɗaki" ya koma "daki". Wani ɓangare na wannan laifin na'ura ne, domin keken rubutu da kwamfutocin lokacin ba su da waɗannan haruffa, amma raba kalma ba ruwansa da na'ura. Kuma ba za a ce babu ƙa'ida ba, tun da an zauna a kan daidaita rubutun Hausa a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, ga kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a cikin garin Kano ɗin kansa. Abin mamaki ne a ce ƙungiyar da ta iya ƙirƙiro sababbin haruffa ba ta tsaya ta ƙware a kan waɗanda take bugawa da su ba.

Matsalar da ta fi ta ƙa'idar rubutu girma ita ce ta zubi da tsari. Labari yakan yi ta jan ƙafa domin ya kai littafi na uku. Wasiƙun soyayya sukan cinye shafuka ba su ƙara wa labarin komai ba. Warwarar matsala takan zo ta hanyar haɗarin mota ko mutuwar farat ɗaya ko dukiyar da ta faɗo daga sama. Jigo ɗaya, wato auren dole da fifita mai kuɗi, ya yi ta maimaituwa har sunayen taurari kaɗai ke bambanta wasu littattafan.

A nan ne kara ta shigo. Mutumin da ka ɗauki hoto tare da shi, ya sa sunan littafinka a bayan nasa, ya zo sunan ɗanka, da wane baki za ka ce masa labarinsa bai tsaru ba? A waƙa, idan aka rera baiti a gaban jama'a kari ya karye ko amsa-amo ya kauce, kunne ne ke kamawa, ba sai wani ya ɗauki nauyin faɗa ba. A zube kuwa sai mutum ya zauna ya karanta, sa'an nan ya dubi idon ɗan'uwansa ya gaya masa. Tsarin gayya ba shi da gurbin irin wannan mutum. Saboda haka sukar ta zo daga waje, kuma da ta zo daga waje sai aka karɓe ta a matsayin hari.

A 1994 Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 muhawarar ta yi zafi a jaridu, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wajen kare marubutan, Ibrahim Sheme kuma ya buɗe wa muhawarar fili a shafukan adabi da yake kula da su. A ganin mai wannan bincike kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Malumfashi yana da hujja a kan rauni na harshe da tsari, kuma duk wanda ya karanta littattafan da idon basira ba zai musa ba. Inda hujjarsa ta yi rauni shi ne auna aikin unguwa da mudun kamfani, tamkar a ce marubutan suna da zaɓi tsakanin NNPC da bakin Bata sai suka zaɓi bakin Bata. Masu karewa kuwa sun yi gaskiya da suka nuna cewa littattafan sun raya karatun Hausa, sun kuma ba mata murya, sai dai yawan masu karatu ba ya mayar da jimla karkatacciya ta miƙe. Kalmar "kasuwa" ita ta ɓata zancen, domin marubutan sun ji ta a matsayin gori, daidai da abin da sunan ƙungiyarsu ya yi hasashe.

3.5 Al'umma a Cikin Littattafai Biyu

In Da So Da Ƙauna labarin Sumayya ne, 'yar masu hali, wadda ta kamu da son Muhammad, saurayi mai ilimi da ladabi amma talaka. Abdulƙadir mai kuɗi ya shigo neman aurenta, ya bi ta hannun manya da abin hannunsa har aka tsayar da magana a kansa. Da Sumayya ta ga ba mafita sai ta faɗa rijiya, aka ciro ta da rai, daga ƙarshe masoyan suka sami juna.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan rijiya, ana zargin littafin da koya wa 'yanmata kashe kansu. Mai wannan bincike yana ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta kamata ita ce: me ya sa yarinyar da ke zaune a tsakiyar dangi da ƙawaye da maƙwabta ba ta sami ko ƙofa ɗaya da za ta ƙwanƙwasa a saurare ta ba? Kunya ta hana ta gaya wa manya ra'ayinta kai tsaye, kara ta hana waɗanda suka san gaskiya tsoma baki. Rijiyar ita ce maganar da aka hana ta faɗa da baki. Ta wannan fuska littafin ya taɓo wani abu na gaske game da zaman Hausawa. Rauninsa shi ne marubucin bai bi wannan zare har ƙarshe ba. Ya sauƙaƙa wa kansa aiki da ya mayar da Abdulƙadir mutumin banza, ta yadda mai karatu zai fita da fahimtar cewa kuskuren manya shi ne zaɓen mugun miji. To, da Abdulƙadir mutumin kirki ne fa, mai kuɗi mai kuma hali, amma Sumayya ba ta son sa? Littafin bai yarda ya fuskanci wannan tambaya ba, alhali ita ce ainihin matsalar auren dole. Al'ummar da ke cikinsa ta yi kuskure ne kawai, ta gane, aka yafe, aka sha biki.

Alhaki Kuykuyo Ne ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, uwar 'ya'ya tara. Mijin yana da hali amma yana ƙuntata wa gidansa, sa'an nan ya auro Delu, tsohuwar karuwa. Rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Daga nan marubuciyar ta shiga nuna yadda macen da aka yasar take rayuwa, kuma a nan gwanintarta take. Rabi ta kama sayar da abinci. 'Yan'uwanta suka tallafa. Yara suka ci gaba da makaranta. 'Yarta Saudatu, mai tarbiyya, ta auri Alhaji Abubakar, attajiri, wanda ya ɗauke wa surukarsa nauyi mai yawa. Marubuciyar ba ta gaggauta ba a wannan sashe. Ta tsaya a kan kuɗin cefane da kuɗin makaranta da kayan ɗaki da hidimar aure, abubuwan da marubuta maza kan tsallake da jimla ɗaya. Mai karatu yana ganin tattalin arzikin cikin gida da idonsa, yana kuma ganin cewa ba kotu ba ce ta ceci Rabi, ba hukuma ba ce, zumunci ne da guminta.

Sai kuma alhaki ya biyo ubangidansa. Shagon Alhaji Abdu ya ƙone a gobarar kasuwa, dukiya ta watse, zamansa da Delu ya ƙare. A nan mai karatu yake jiran a rufe littafi Rabi tana cikin rufin asirinta. Marubuciyar ba ta yi haka ba. Mazan da ke kewaye da Rabi, dangi da suruki, waɗanda suka tsaya mata lokacin wuya, su ne suka taru suka matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, ba da son ranta ba. Ta koma, kuma yanzu ita ke ciyar da shi.

Wasu masu nazari suna ɗaukar wannan ƙarshe a matsayin ja da baya, wai marubuciyar ta ji tsoron al'umma ta mayar da tauraruwarta ɗaki. Wannan bincike bai yarda da haka ba. Babu inda aka nuna komen a matsayin abin farin ciki. Abin da aka nuna shi ne taimakon dangi bashi ne, kuma ranar biya tana zuwa. Hannun da ya ɗaga Rabi shi ne ya tura ta, kuma ba ta da bakin musu domin ta ci gudummawarsu. Da marubuciyar ta bar ta ta yi zamanta ita kaɗai cikin jin daɗi, da labarin ya fi sanyaya zuciya, amma da ya yi ƙarya game da Kano ta 1990. Wanda duk ya zauna a unguwa ya san irin wannan zama da ake yi a zaure, a yanke hukunci a kan mace, sa'an nan a aika a kira ta a gaya mata.

Ba a ce littafin ba shi da aibi ba. Gobara da asarar da suka sauka a kan Alhaji Abdu a jere sun yi kama da hukuncin da marubuciya ta sauko da shi da hannunta domin sunan littafin ya tabbata. Auren Saudatu da attajiri shi ma mafita ce mai sauƙi, domin ba kowace Rabi ce ke da 'yar da Alhaji Abubakar zai gani ya so ba. Delu kuma ba a ba ta zuciya irin ta mutane ba, an bar ta a matsayin sharri tsantsa, abin da bai dace da marubuciyar da ta san abin da ke jefa mata cikin wannan rayuwa ba. Duk da haka, idan aka ajiye littattafan biyu gefe da gefe, na Ado Ahmad yana roƙon al'umma ta gyara zaɓinta, na Balaraba kuwa yana tambayar wa ya ba ta ikon zaɓar wa mace tun farko. Abin sha'awa ne a ce 'yar ƙungiyar da kara ta hana ta tace rubutun 'ya'yanta ita ce ta rubuta littafin da ya fi kowanne tona abin da kara ke jawo wa mace.

3.6 Daga Littafi zuwa Fim da Hukumar Tacewa

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da na marubuta, wasu mutanen ma suna cikin duka biyun. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa a Kano. Ba a daɗe ba marubuta suka bi sahu: an mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Alhaki Kuykuyo Ne kuma a 1998. Fim ya fi littafi kawo kuɗi, ya kuma fi shi cin jari, saboda haka sai jagororin suka koma kafa kamfanoni na kansu. Gayya ba ta iya ɗaukar nauyin kyamara da 'yan wasa da kaset, kuma a hankali jerin sunayen nan na bayan littafi ya daina zama abin da ke haɗa su.

Tacewar da ƙungiyoyin ba su yi wa kansu ba ta fuskar fasaha sai ta zo musu daga gwamnati ta fuskar tarbiyya, wadda aba ce daban. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 gwamnan jihar na lokacin, Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2008 hukumar, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita shi kaɗai. Wannan mataki ya taɓa abin da marubutan Kano suka fi ƙwarewa a kansa tun zamanin Raina Kama, wato tsayawa a bayan juna. Ƙungiyoyinsu daban-daban suka haɗa kai suka ƙi, kuma Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda a lokacin yake shugabantar reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, yana cikin waɗanda suka ja gaba a tattaunawar da aka yi da hukumar. Jami'in tacewa yana neman batsa ne da abin da ya saɓa wa addini da al'ada; ba aikinsa ba ne ya ce babi na huɗu ya yi tsawo ko a raba "yace" gida biyu. Saboda haka ko bayan da littattafai suka fara bi ta ofishin hukuma kafin su shiga kasuwa, kujerar edita tana nan babu kowa a kanta.